Jirgi Mai Facin Shuni

Tanimu, tunda ka ce za ka watsar da ɗinkin hular da ka iya don 'yan layinku duk sun koma sabon yayi, zauna in ba ka wani misali. In na gama, ka yi abin da ka ga dama.

A wani gari na bakin tafki akwai masu jiragen fito, irin waɗanda ake kafa wa gora a tsakiya, a ɗaura ƙyallen buhuna, iska ta tura. Mutane ne masu son a san da su. Ba su cika faɗa a kan fasinja ba, amma ka ce wa mutum jirginsa ya yi kama da na wane, gara ka mare shi. Da Sarkin Ruwa ya gaji da raba gardama, sai ya yanke hukunci: ranar kasuwar bayan salla kowa ya tafi tsibiri ya dawo da iskar la'asar, jirgin da mutanen gaɓa suka fara kiran mai shi tun daga nesa, shi za a ba matsayar gindin ɓaure. Matsayar nan kuwa ita ce bakin kasuwa, ga inuwa, ga fasinja, kuma tana hannun wani mutum tun zamanin mahaifinsa. Jirgin mutumin nan abin dariya ne a gari. Hancinsa a karkace yake, don itacen da aka sassaƙa shi da shi haka ya tsiro. A tsakiyar ƙyallensa kuma akwai wani ƙaton faci baƙi wuluk, tsohon zanen shuni na matarsa, wanda ta ɗinke masa da shi shekarar da guguwa ta keta ƙyallen. 'Yan uwansa masu jirgi har suna suka sa masa, wai mai fito da zanen mata.

To, sai gari ya rikice da shiri. Wani ya rina ƙyallensa ja, kafin Juma'a ta zagayo bakin ruwa ya koma ja gaba ɗaya. Wani ya kafa madubi a goshin jirgi, maƙwabcinsa ya kafa biyu. Wani ya sa masassaƙi ya yi masa kan zakara, ai kuwa masassaƙin ya kwana biyu bai sassaƙa turmi ba, sai zakaru. Kowa da safe zai zo kamar duba igiya, alhali idonsa na kan jirgin na kusa da shi. Mutumin namu ma ba waliyyi ba ne, tsoro ya kama shi sosai, don ya san in matsayar ubansa ta kuɓuce a hannunsa ba zai ƙara ɗaga kai a garin ba. Ya sayo jan rini, ya shimfiɗa ƙyallen a tsakar gida, ya ɗauko reza zai farke facin. Matar tana tankaɗe, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, "Malam, in ka cire shi, da me zan gane ka daga nesa in ɗora tukunya?" Ya ajiye rezar. Can ya naɗe ƙyallensa yadda yake, ya kyautar da rinin.

Ranar kasuwa gaɓa ta cika maƙil. Iskar la'asar ta taso, jirage suka ɓullo daga bayan tsibiri, jajaye reras, madubai na walƙiya, kowanne da zakaransa a gaba. Kyau kam sun yi kyau, ba a musu. Sai dai mutane suka yi ta kare rana da tafin hannu suna ƙura ido, an rasa mai buɗe baki. Wata ta rangaɗa guɗa ta kira mijinta, jirgin ya matso aka ga na wani ne, ta ja gyale ta rufe fuska. Masu jiragen suna ta ɗaga hannu, kowa na jiran ya ji sunansa, shiru kake ji. Can daga baya, ba ma a sahun gaba ba, sai ga wani ɗigon baƙi a tsakiyar farin ƙyalle, ga hanci a karkace yana tsaga ruwa. Ba wanda ya san bakin da ya fara, gaɓa dai ta ɗauka baki ɗaya, masu kifi da masu ƙosai da masu dako: "Ga mai zanen mata nan!" Sunan da aka sa masa don a muzanta shi, shi aka yi ta kira da tafi har ya iso. Ya miƙe tsaye a jirginsa yana dariya har da hawaye, ya wuce jajayen nan ɗaya bayan ɗaya suna cirko-cirko, ya jefa igiyarsa a saiwar ɓauren da ubansa ya saba ɗaurewa. Sarkin Ruwa ya ce ai babu sauran shari'a, gari ya riga ya yanke. Da mutumin ya waiga yana neman matarsa cikin taro don ta ga wannan rana, aka ce masa ta tafi tuntuni. Tun ba wanda ya hango komai ta hango facinta, ta koma gida ɗora tukunya.

Sauran kuwa sun daɗe suna wanke jan rini, suna neman kamannin jiragensu na da, wasu har yau ba su samu ba. Ka ji, Tanimu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kowa ya daka rawar wani, zai rasa turmin daka tasa.