Farin Dutsen Custódio

Bokitin kwalta a hannun dama, na farar ƙasa a hagu, Telmo ya hau tsaunin da ke kallon teku, yana haki yana tsine wa tsohon da ya ja masa wannan wahala.

Shekara huɗu a jere Custódio ke ɗauke kofin gasar kamun kifi ta ƙananan kwale-kwale, irin na roba masu cin mutum ɗaya. Shekara huɗu Telmo na zuwa na biyu, abin ya tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi. Kowa ya san inda tsohon ke samo manyan kifayen nan da ake kira robalo: wani rami a cikin teku, a bayan duwatsun da ake kira Haƙoran Kare, wanda ƙofarsa ba ta fi faɗin mota ba.

Masuntan wannan gaɓa ta Fotugal ba sa rubuta hanyarsu. Kowa da alamarsa a tudu, kuma ko ɗan'uwansa ba ya gaya wa. Wata biyu Telmo ya yi yana leƙe kafin ya gano ta Custódio: in hasumiyar coci ta hau daidai kan farin dutsen da tsohon ke shafa wa farar ƙasa duk bazara, to ka miƙe, ƙofar na gabanka.

Ya mulke dutsen da kwalta. Ya matsa taku goma hagu, ya mayar da wani dutsen fari fat. Ai ba kisa ba ne, in ji shi a ransa. Kwale-kwale ne zai fashe, tsoho ya sha ruwan gishiri ya koyi ladabi.

Da yamma masu gasa suka taru a shagon gahawa don rubuta suna. Custódio na zaune a lungunsa, yana ɗaga kofi da hannun hagu.

"A'a, ga sarkin na biyu!" in ji tsohon. "Telmo, an ce ka sayi sabuwar fatsa. Ka haɗa da kifin, ko shi sai gobe?"

Shago ya ɗauki dariya.

"Yi ta washe baki, tsohon banza. Gobe mu ga inda jan akwatin gawar nan naka zai kai ka."

"Jan kwale-kwalena ya san hanya ko ba na ciki."

A gida 'yar Telmo, Idalina, wadda ta dawo daga aikinta na kamfanin kifin gwangwani, ta ajiye masa miya.

"Baba, bana ma ba za ka ara mini tsohon kwale-kwalenka ba? Shekarata ashirin da huɗu fa."

"Ko ɗari ce. Tekun da ya ci ƙanena ba zai ɗanɗana 'yata ba."

Ba ta yi musu ba, abin da ba halinta ba. Ta dai ci gaba da ɓantarar kantar da ta fito mata a tafin hannu, ta ce gobe da sassafe za ta wuce wajen gwaggonta.

Gari na wayewa kwale-kwale arba'in suka faɗa ruwa. Kowa da usur a wuya, don dokar ta girmi gasar kanta: wanda ya ga ɗan'uwansa cikin hatsari, ya busa, ya yar da fatsa, ya nufe shi. Telmo bai tsaya gaisuwa ba. Ya yi ta sara ruwa da filafili, ya ɗora hasumiya a kan baƙin dutsen da shi kaɗai ya san da shi, ya sulale ta ƙofar lafiya lau. Jifa uku ya yi, fatsa ta lanƙwashe.

Yana cikin kokawa da kifin ya hango jan kwale-kwalen tafe, da rawayar rigar ruwan nan da faffaɗar hular da duk garin ya sani, an jawo ta har hanci. Tuƙin da sauri, gajere gajere. Lallai tsoho ya sha magani yau, in ji Telmo.

Jan kwale-kwalen ya tsaya, ya daidaita hancinsa da farin dutse, ya miƙe babu shakka ko kaɗan. Igiyar ruwa ta ɗaga shi ta maka a kan Haƙoran Kare. Ta biyu ta kifar da shi. Hular ta taso ita kaɗai tana yawo a kan kumfa.

Telmo ya kai usur bakinsa. A daidai lokacin kifin ya fizgi zare, fizgar da bai taɓa jin irinta ba. Ya tuna dariyar shago. Tsoho ai ya iya iyo, jirgin ceto ma na zagayawa. Ya saki usur ɗin ya kama fatsa da hannu biyu.

Da azahar ya fito tudu da robalo mai kilo tara a kafaɗa, mutane na tafi suna buɗa masa hanya. Murna ta cika shi har ya manta da sauran. Ya dire kifin a kan sikeli, ya ɗago kai don jin abin da alƙalin gasa zai ce.

A gefen alƙalin, kan kujera, ga Custódio zaune a bushe ƙayau, hannunsa na dama rataye a majanyi.

"Kafaɗa ta hana ni fita bana," in ji tsohon, idonsa na kan teku, babu tsokana a muryarsa. "Kai da ka shiga ramin, ba ka ga Idalina ba? Wata shida ina koya mata, yau na ba ta kwale-kwalena da hulata, na ce ta bi farin dutse kawai."