Farar da ta zo ta waya

An yi wani manomi da geronsa ya yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo. Saura mako biyu tsaba ta ƙosa sai surukinsa ya turo masa bidiyo a waya: fara ta rufe sama, ta sauka a wata gona ta bar kara tsirara, ga wata murya na rantsuwa cewa jibi za ta iso yankinsu. Geron nan abincin shekara ne na mutum goma sha ɗaya, kuma surukin nan dattijo ne, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Nan take ya kira gayya a yanke geron kafin fara ta iso. Maƙwabcin gonarsa, wanda ke zuwa ajin manya inda ake koya musu bincika abin da waya ta kawo, ya tambaye shi wa ya ɗauki bidiyon, a ina, kuma yaushe. Manomin ya yi tsaki, ya ce shi da idonsa ya gani, ɗan makaranta mai furfura ya tsaya tambaya har fara ta ba shi amsa. Kafin la'asar 'yan gayya sun kwantar da gonar kaf.

Jibi ta zo ta wuce, ko ɗan babe bai gifta ba. Da zangarniyar ta sha rana, ya murza ɗaya a tafin hannu ya hura, sai iska ta tafi da komai. Ya murza ta biyu, ya murza ta goma. Ya zauna daɓas a kan kunya yana salati. Maƙwabcin ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya nuna masa cewa mutanen ciki rigunan sanyi ne a jikinsu, ga duwatsun da babu irinsu a ƙasar nan. Ya ƙara bincikawa, ashe bidiyon ya shekara shida yana yawo, surukin ma turo masa aka yi. Manomin ya juya ya dubi geron maƙwabcinsa da ke tsaye ya sunkuyar da kai don nauyi. Da ƙyar ya ce, "Ashe ni ne farar."

Abin tausayi, tambaya uku kacal aka yi masa, ya ga ba shi da lokacinsu. Shi ya sa Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata.