Askin Mai Shari'a

Da alhajin ya zauna askin fita daga harami, wanzamin ya gane tabon da ke bayan kunnensa. Tare suka karanta shari'a a Kano, kuma kullum wanzamin ne na ɗaya. Shi ya zo Hajji ya maƙale can a unguwar Nakkasa babu iƙama, wato takardar izinin zama, wancan kuwa aka naɗa shi alƙalin babbar kotun jiha, shekara talatin ana miƙe masa tsaye.

Wanzamin ya jiƙa kan, baƙin ciki na cin ransa. Wannan kan ne ya sa hular alƙalai, ba nasa ba. Ya danna askar fiye da kima.

"A hankali, na ɗaya," in ji alƙalin, idonsa a rufe. "Kwana uku na ƙi aski, ina nemanka. Mutum tara na yanke wa hukuncin rataya, har yau ina ganin fuskokinsu. Kai kuwa duk wanda ya tashi daga gabanka, da murna yake tafiya. Wallahi ina ƙyashinka."

Askar ta tsaya. Karon farko cikin shekara talatin, wanzamin ya rasa wanda zai yi wa hassada.