Garkuwar Mai Tukwane

Tunda ka ce kai da maƙwabcinka ba kwa ga-maciji, zauna in buga maka misali.

A zamanin da, a wani ƙaramin gari na ƙasar Girka, an yi wani manomin zaitun da maƙwabcinsa mai ginin tukwane. Bishiyar ɓaure ce ta haɗa su. Gindinta a gidan manomi yake, amma babban reshenta ya leƙa gidan mai tukwane, yaran can suna shan daɗi. Abin ya tsaya wa manomi a rai, ran nan ya ɗauki gatari ya sare reshen. Reshe kuwa bai faɗi ko'ina ba sai kan ɗanyun tukwanen da aka shanya, ya yi musu raga-raga. Shekara bakwai ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba. Manomi ya san shi ne da laifi, sai dai irin mutanen nan ne da gara su haɗiyi garwashi da su ce a yi haƙuri.

Ana nan sai mayaƙan Makidoniya suka gangaro daga arewa, garuruwan Girkawa suka haɗa kai, kowane magidanci ya sauko da garkuwarsa daga bango. To, yaƙin Girkawa da tsarinsa. Sahu ake yi kafaɗa da kafaɗa, garkuwa a hannun hagu, rabinta ta kare mai ita, rabi ta kare wanda ke hagunsa. Ke nan damanka a buɗe yake, sai abin da na kusa da kai ya rufa maka. A garin nan kuma bisa jerin gidaje ake jera mutane. Manomi ya duba hagu, ga mijin 'yarsa, wadda suka baro da tsohon ciki. Ya duba dama, ga mai tukwane.

Da safiyar ranar gwabzawa ya hango mai tukwane a zaune, yana ɗinka wa gefen garkuwarsa fatar bijimi riɓi biyu. Manomi ya taɓe baki, ya ce a ransa marowacin banza, ya ƙi sayen sabuwa ya tsaya faci. Ya ƙudurta in an gamu zai janye tasa garkuwar zuwa dama ya rufe kansa. Amma in ya yi haka ya bar ƙirjin surukinsa a fili, jikansa ya zo duniya maraya. In bai yi ba, ransa yana hannun mutumin da ya fasa wa tukwane.

Makidoniyawa suka taso, mashin kowanne ya kai tsawon mutum uku, kafin naka ya isa gare su nasu ya riga ya same ka. Manomi tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Sau biyu hannunsa yana fara janye garkuwa, sai ya ji numfashin surukin a kunnensa, ya kasa. Ya bar ta inda take, ya runtse ido yana jiran mutuwa. Sai ya ji ƙwal a damansa, ya saurara, bai ji zafi ba. Aka sake, aka kuma sakewa, yana nan tsaye. A ranar dai Girkawa ne suka sha kashi, domin duk inda wani ya janye garkuwarsa, nan mashin abokan gaba ya kutsa, sahu ya watse. Su kuwa 'yan unguwar nan da baya da baya suka ja, a manne da juna, har suka hau tudu. Abokan gaba suka ga ba ƙofa, suka bi waɗanda suka tarwatse.

A bakin rafi suka zube suna haki, aka duba, ba wanda aka rasa. Nan manomi ya ƙyalla ido kan garkuwar mai tukwane, ya ga tabon mashi uku, duk a kan facin nan da ya raina. Gefen hagu ne, gefen da ba mai garkuwa yake karewa ba. Kunya ta rufe shi, daɗi ya cika shi, ya rasa kuka zai yi ko dariya, sai ya haɗa duka biyun.

Ya ce, "Maƙwabci, ni da na fasa maka tukwane?"

Mai tukwane ya ce, "Kada kanka ya kumbura. In ka faɗi, ta ina kake tsammanin mashi na huɗu zai shigo mini? Kuma ban gama fushi da kai ba, ba wanda zai kashe mini kai sai na gama."

Suka shigo gari rataye da wuyan juna, mata suna guɗa kamar su suka ci yaƙin, suka tarar ma 'yar manomi ta haifi namiji. Washegari manomi ya sake ɗaukar gatarinsa, wannan karon katangar da ke tsakaninsu ya fasa daidai gindin ɓaure, ya yi ƙofa. Mai tukwane ya shigo ta nan da sabuwar tukunyar wankan jariri, yana mitar ƙofar ta karkace.

Kai ma tashi ka je ka gai da naka, tun ba a jera ku a sahu ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.