Bokan Daji Ya Bar Maganin Maciji

"Kai ka kashe mini miji, Chidubem!" Rahma ta daki teburin shagonsa, har masu keken Tudun Wada suka tsaya kallo. "Kai ne bokan daji, sihiri biyu ake ba ka kowace safiya. Ka zaɓi kiran ruwa da hira da awaki, ka bar na warkarwa!"

"Anti, ban san maciji zai sare shi ba."

Wani dattijo ya saki salati, ya ce a kira 'yan sanda.

Sai ga mijin, Kailani, zaune da ransa, ɗan ludo a hannu.

"Baba, wasan labari muke yi, kowa da jaruminsa, nawa ne ya mutu." Ya yage takardar da ya rubuta bayanan jarumin a kai. "Amma kira su. Wata shida ina rainonsa."