Hannun Barira

Mai gadin kilinik ya ce ba a shiga da kaya, sai Suma'ila ya rataye jakarsa ta fata a ƙusa, bakin ƙofa. Ya dubi ƙeyar mutumin, ya ga askin banza, ya kau da kai.

Daga Zermu suka taso, shi da ƴarsa Barira. Bikin suna har biyu ya bari a gari saboda wannan tafiya. An ce masa a Zinder akwai na'ura mai ɗaukar hoton ɗumin fata, tana tona ciwon da ido ba ya gani. Shi kuwa shaida yake nema.

Shekarun baya Alkasum, ɗan ƙanensa, ya goyo Barira a moto, wato babur, daga kasuwa, yashi ya kayar da su. Kafaɗarta ta bugu, hannun dama ya kumbura har ƙasa. Duk abin da Suma'ila ya sani ya yi mata. Kumburi ya sace, amma hannu bai komo ba. Ko mayafi ya shafe shi sai ta ciji leɓe. Ta bar daka, ta bar ɗaukar tulu. Mijinta ya gaji da nishi, ya maido ta gida.

An taɓa ɗaukar hoton ƙashi, aka ce lafiya lau. Ɗan Azumi, uban Alkasum, ya ce, "Yaya, ka ji dai. Yaron nan bai karya ta ba." A ranar Suma'ila ya kwaɓa laka ya toshe ƙofar da ke tsakanin gidajensu. Da Ɗan Azumi ya kwanta ciwo, ya yi ta aike, Suma'ila bai je ba. Bara ya rasu. Suma'ila ya tsaya a sahun baya, aka sallame, ya tafi bai ba Alkasum hannu ba.

Tun daga nan garin yake ce da shi mai riƙo. So yake ya aje hoto gaban mai gari, kowa ya ga abin da yaron ya yi, a san ba a banza ya yanke zumunci ba.

Barira ba ta so zuwa ba. Ko a cikin mota sai da ta ce, "Baba, a bar wa Allah mana."

"Ke ba ki da zuciya," in ji shi.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta zaunar da Barira a ɗaki mai sanyi har jikinta ya huce daga rana. Ta sa ta kwance ƙyallen da kullum take naɗe wuyan hannun da shi. Da aka gama, aka kira Suma'ila gaban allon na'ura. Hannuwa biyu ya gani, ja da rawaya kamar garwashi.

"Ba ciwo take gani ba, Baba, ɗumi take gani," in ji likita. "Dama da hagu muke gwadawa."

"Nuna mini kafaɗa."

Ta nuna. Launinsu ɗaya. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ɗaya ne.

"Na'urarki makauniya ce."

"Sauko ƙasa."

Damtse lafiya, gwiwar hannu lafiya. Daga wuyan hannu ne shuɗi ya tashi, ya bi gefe ya rufe babban yatsa da manuniya.

"Nan fata ta yi sanyi. Alamar jijiya ce ta taɓu. Kuma ba daga sama ya gangaro ba, a nan ya soma." Ta juya hannun Barira a hankali. Tabo uku ne a jere, na tsakiya ya fi kauri. "An yi miki tsaga a nan?"

"Lokacin da ya kumbura."

"Kafin tsagar, kina jin wannan ƙunar?"

Barira ta dubi ƙasa. Da ƙyar ta ce, "A'a."

"Da an ƙyale kumburin, da kansa zai sace. Aska ce ta yi zurfi. Wa ya yi miki?"

"Wani baƙo ne," in ji Barira da sauri. "Wucewa yake yi."

Likita ta ja tsaki, ta juyo. "Ku manyan gari, Baba, ku riƙa tsawata wa masu yin tsagar nan. Zan rubuta magani, zai rage mata. Amma kada in ruɗe ka, hannun ba zai koma yadda yake ba." Ta miƙa masa hoton.

Ya karɓa. Barira tana naɗe ƙyallenta da hagu da haƙori, kamar yadda ta saba, ba ta dube shi ba. Ya tuna laka, ya tuna ƴan aiken da ya kora. Ya fita ya wuce ƙofa bai tsaya ba.

Har ya kai bakin titi, sai mai gadi ya biyo shi da gudu, jakar tana ƙaran ƙarfe a hannunsa.

"Sarkin aska! Ka manta zabirarka!"