Mafarkin Aro

"Baba tela, wannan mafarkin ai na direba ne," in ji mai ba da shawara. "Jiya ya ba ni labarinsa, har da akuya mai takunkumi."

Ta gyara riƙon wayar.

Tun da annoba ta rufe cibiyar masu fama da damuwa, zamansu ya koma ta waya. Abin mamaki, waɗanda suka samu sauƙi, irin su tela da direba, su suka fi kiranta. Ita kuwa tana falo ita kaɗai, kujerar marigayi mijinta na kallonta, tana lallashinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan banzan ya cuce ni," in ji tela, yana ƙunshe dariya. "Mun yi da shi akuyar tawa ce."

"Wato ƙarya kuke shirga mini?"

"'Yata, in muka ce lafiyarmu lau, kashe waya za ki yi. To wa zai ji muryarki? Faɗa mini, kin ci abinci?"

Ta dubi farantin da ya huce tun safe, ta jawo shi.

"Ci gaba, Baba. Sai akuyar ta ce me?"